Kada Ki Jira Ni Gobe Lahadi

La Paz, Asabar da hantsi

Zuwa ga Doña Zenobia Arduz,

Ya ke hasken rana mai sauka a bayan mai jin sanyi da safiyar Yuni! Ya ke farin kan dutsen Illimani, wanda kowa a garin nan yake gani kullum amma babu wanda ya gaji da ɗaga kai! Furen kantuta a bakin kwazazzabo, ruwan tafkin da ido bai kai ƙarshensa ba, kofin kunun api mai tururi a hannun wanda ya fito bai karya ba! Sanyin idona, rabin raina, mai algaitar da ta hana ni ƙidaya shekara talatin da takwas. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙirjin ya yi sauƙi, kuma maganin likita cikinki yake shiga, ba tukunyar furen da ke tagarki ba.

Kada wannan buɗewa ta tsorata ki. Ni ne dai, Hilarión, mai farantan tagulla, na layin baya. Na san ban taɓa ce miki abin da ya wuce ina kwana da kamar za a yi ruwa ba. Kalmomin ne suka taru, kin kuwa san ruwan da aka daɗe ana tarewa ba ya fita da ladabi.

Wata jita-jita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami. Na fara jin ta tun kaina yana baƙi, a shagon salteña, sambusar nan mai romo a ciki, na bayan gidan wasa, daga bakin Casimiro mai babban ƙaho, romo yana bin haɓarsa. Ya ce wai kashi na biyu na kiɗan Bajamushen nan da muke rufe shekarar wasanninmu da shi duk Yuni, ba zurfin tunani ne yake sa mu ja shi kamar kunkuru mai ciwon baya ba. Wai ke ce kike riƙe mu duka, mu makaɗa saba'in da 'yan kai, kina jira in tashi daga kujera in ɗauki farantaina. Na yi dariya har na ƙware. Na ce masa wanda yake hura iska cikin bututu tun yana yaro, dole wata ta hau masa kai. Ya lashe yatsa ya ce, "To, sarkin lissafi, Allah ya ba ka lafiya."

Ki yi mini adalci, ta yaya zan yarda? Aikina a wannan kiɗa bugu ɗaya ne tak. Gaɓar kiɗa ɗari da tamanin da uku ina zaune shiru ina ƙidaya, 'yan goge suna kai da kawo, masu ƙaho suna shiga suna fita, sannan algaitarki ta ɗauki waƙar ita kaɗai, ta hau, ta ƙara hawa, ta tsaya a kan dogon sautin nan, ni kuma in miƙe in haɗa tagulla biyu, sama ta tsage. Shi ke nan, sai in zauna. Mutumin da ba a neman komai wurinsa sai ƙidaya, in aka ce bai iya ba, me aka bar masa?

Yau da tsufa ya rage mini kunya, zan faɗi abin da ko fada a coci ban gaya wa ba. Ban taɓa kai ƙidayar nan ƙarshe ba. Ko sau ɗaya. Nakan fara lafiya, ɗaya, biyu, uku, kamar ɗan makaranta mai tsoron bulala. Wajen sittin sai ki ɗaga hannu ki gyara matajin azurfar nan da ke riƙe miki gashi, ƙeyarki ta bayyana kamar jinjirin wata a bayan gajimare, sai lissafi ya watse kamar tattabarun dandali in an jefa musu dutse. Daga nan ban san inda nake ba, sai in ji wuri ya yi tsit, sauti ɗaya yana rataye a sama ya ƙi saukowa, wani abu ya ce mini tashi. In tashi, in buga, ya faɗa daidai. Ni kuwa na ɗauka baiwa ce. Har koya wa ɗalibai nake yi cewa makaɗin gaske da ciki yake ƙidaya, ba da ka ba.

Da ina da hankali, garin nan na kan dutse mai ƙarancin iska, shi kaɗai ya isa ya tona mini asirin. Masu busa da ke zuwa mana baƙunta daga bakin teku, kafin su gama gaɓa goma sun koma bayan labule sun rungumi tulun iskar shaƙa kamar sun ga uwarsu. Duk mai busa a nan addu'arsa a yi sauri a wuce. Amma mu ne kaɗai muke ɗaukar abin da sauran duniya ke gamawa a minti goma sha ɗaya mu kai shi goma sha biyar, a garin da zakara ma yake taƙaita cara. Ban taɓa tambayar kaina daga ƙirjin wa mintocin nan huɗu suke fitowa ba.

Marigayi Maestro Baldivieso, jagoran makaɗanmu, Allah ya ji ƙansa, shi ya ci sunan. Kin tuna da ido a rufe yake kaɗa sandarsa. Yakan ce mana waƙa ɗaya ce, amma in ka tafi da ita a guje ta zama ta biki, in ka tafi da ita a taki ta zama hira, in ka ja ta ta zama rakiyar gawa, kuma takarda ba ta isa ta zaɓar maka ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, in an zo wurin nan naki, sandar tasa ba ta jagorantar kowa, bin numfashinki take yi kamar akuya a bayan mai dusa.

Kin tuna shekarar kujera? Ni ina tunawa, kuma duk sanda na tuna sai in so ƙasa ta buɗe. Bayan gwajin wata Alhamis kina goge bakin algaitarki, ba ki ko kalle ni ba kika ce, "Don Hilarión, kujerarka tana da murya." Na koma gida kunnuwana suna zafi. Macen da nake gyara gashin baki dominta ta ji kujerata tana kuka kamar tsohuwar ƙofa! Na ɗauko man keken ɗinkin mahaifiyata, na bi kowace gaɓa ta kujerar nan na shafe, na zauna na tashi sau ashirin, shiru kake ji.

Ranar Lahadi gida ya cika. Kika hau dogon sautin, na miƙe kamar kyanwa, ko ƙuda bai ji ba. Na buɗe hannuwa da farantai ina jira ki sauke in buga. Ke kuma, ba ki da ido a ƙeya, kina riƙe da sauti kina jira kujera ta gaya miki na tashi. Ina jiranki, kina jirana. Maestro ido a rufe, sanda a sama, hawaye yana bin kumatunsa. 'Yan goge suka kai ƙarshen baka suka juyo, suka sake kaiwa suka juyo. Ina kallon wuyanki ya tashi daga fari ya koma ja, daga ja ya koma shunayya kamar kunun api, ni kuwa ina cewa a raina, kai, yau Zenobia ta kai maƙurar fasaha. Da ba don gwiwata ta hagu ta gaji da tsayuwa ta ce ƙas ba, da wataƙila har yau muna can. Kika ji ƙarar kika saki, na buga, kika sulale daga kujera kamar mayafi.

Wani ɗan jarida daga Buenos Aires yana zaune a layi na uku. Ya koma ya rubuta cewa mutanen kan dutse sun san wani baƙin ciki da mutanen fili ba su sani ba, kuma dogon sautin nan kukan duwatsu ne tun farkon duniya. Maestro ya sa takardar a gilashi ya rataye. Har ya rasu yana gaya wa baƙi cewa a mafarki mahaifiyarsa ta nuna masa yadda zai tsayar da lokaci a wurin.

Na same ki a bayan labule da robar iska a fuska, na kawo miki shayin ganyen koka, rabinsa ya zube a hanya. Kika janye robar kika tambaya wa ya shafa wa kujerar nan mai. Na buga ƙirji na ce ni ne. Kika daɗe kina kallona da idanun nan naki masu kama da rijiya biyu a lokacin damina, sannan kika ce, "Allah ya ƙara basira," kika mayar da robar. Ranar Talata na tarar an canja mini kujera da wata tsohuwa mai gurnani kamar ƙofar kurkuku. Wata guda ina gaba da mai gadin gida a kan laifin da ba nasa ba.

Wayyo Hilarión! Wane irin kai ne aka ɗora maka a wuya? Dutse ma in ruwa ya daɗe yana ɗiga masa yakan yi rami. Bayan Casimiro, mai sharar dandamali ta gaya mini, na ce tsegumin mata ne. Mai sayar da tikiti ya gaya mini, na ce hassada ce. Har fadan unguwarmu ya taɓa yi mini hannunka-mai-sanda a kan masu ido da ba sa gani, na juya ina neman wanda yake nufi.

Sai bana aka kawo mana Maestro Ugarte, wanda na girme wa mahaifinsa, da agogo a kan teburin takarda da ido a buɗe, har ya cika buɗewa. Talatar makon nan a wurin gwaji ya ɗaga takardar ya nuna mana abin da mai kiɗan ya rubuta da hannunsa a saman shafi, cewa a tafi a taki kada a ja. Ya ce mutumin nan sanda ya rubuta wannan ba gawa yake rakiya ba, wata mace yake so. Casimiro ya yi gunaguni ta cikin ƙahonsa cewa yaron nan ko mota zai kama. Aka fara. Kika bi sandarsa kamar kowa, kika taɓa dogon sautin kika wuce. Ni ina can wajen matajin azurfa ina jiran a yi tsit. Da na farga ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina, na zabura, kujera ta yi kururuwa, na haɗa tagulla da duk ƙarfina a daidai inda sarewa biyu kaɗai suke raɗa. Mai garaya ta yi alamar gicciye. Maestro ya sauke sanda a hankali ya ce, "Don Hilarión, bugu ne mai kyau ƙwarai. Irinsa muke nema, gaɓa goma sha ɗaya da suka wuce." Casimiro ya leƙo ya ce mini baiwa ta tafi hutu ke nan. Ke ba ki juyo ba. Na ga kafaɗunki suna rawa, ban sani ba dariya ce, ko tari, ko ɗayan.

Laraba na kafa idona a kan takalmina na saurara, karo na farko tun da aka ɗauke ni aiki. Zenobia, yaron nan yana da gaskiya, ko da yake ba zan faɗa a gabansa ba. Waƙar da na sani tsohuwa ce mai bin makara tana jan ƙafa, ashe a takinta budurwa ce da ta fito da sassarfa tana waiwaye. Abin da 'yan goge suke yi, wanda a da nake ji kamar ajiyar zuciya ɗaya nan ɗaya can, ashe amsa suke ba ki: ki tambaya su amsa, ki ƙara su ƙara, hira ce sosai, mu ne muka nisanta kalmomin har suka daina jin juna. Dogon sautin nan kuwa ba kabari ba ne, ba kuma kukan duwatsu ba. Ɗan numfashin nan ne da mutum yake ja in zai faɗi maganar da ta daɗe tana cinsa. Ba a rubuta shi don a kwana a kai ba. Ba na cewa namu na da ƙarya ne, mutane sun yi kuka da hawayen gaske, kuma duka biyun suna cikin takarda ɗaya. Amma na gane cewa a wannan waƙa ke ce numfashin, ni ne ya kamata in zama maganar, kuma shekara talatin da takwas ina makara.

Alhamis na ji sauran. Likita ya ce ƙirjinki ba zai ƙara ɗaukar tsayin garin nan ba, gobe ne wasanki na ƙarshe, kuma yayarki Doña Eufrasia ta hau daga Santa Cruz ta ɗaure miki kaya, motar Litinin za ku bi. Doña Eufrasia, wadda ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, wadda a bikin 'yar Casimiro ta tambaya da ƙarfi ko mai murfin tukunyar nan har yanzu biyansa ake yi don ya zauna. Na zauna a kan matakala na kasa tashi. Iskar garin nan da ma ba ta isa kowa ba, ke kuma kina yanka taki kina ba ni, shekara bayan shekara, don kada wani tsohon tuzuru ya ji kunya a gaban jama'a. Wace itaciya ce take zubar da ganyenta don inuwar wanda bai taɓa ɗaga kai ya gode ba? Wane kogi ne yake tsayawa cak don makiyayi ya gama hamma?

To ga roƙona, guda biyu ne.

Na farko, gobe kada ki jira ni. Na roƙe ki da girman Allah, da farin Illimani, da duk abin da kike ƙauna, in kin hau sautin nan ki ba shi abin da aka rubuta masa ki sauka. Na san halinki, kina jin kujera shiru za ki riƙe, ko da sandar yaron tana rawa a gaban hancinki. Kada ki yi. Na sayi soyayyen wake na ƙirga ɗari da tamanin da uku na zuba a aljihun dama, kowace gaɓa ƙwaya ɗaya za ta koma hagu. Na gwada sau shida a gida, sau huɗu na kai, sau ɗaya na ɓace, sau ɗaya na cinye na saba'in zuwa tamanin ban sani ba. Casimiro ya yarda ya matsar da ƙahonsa ya tare mini ƙeyarki, ya ce karon farko ke nan da faɗinsa zai amfani wani. In na faɗa daidai, to na ba ki bugu ɗaya da ba ki saya da numfashinki ba. In na kuskure, bar ni in kuskure, gari ya yi dariya ya more. Kunyata ba ta kai numfashinki guda ba.

Na biyu ya fi nauyi, shi ya sa na tura ƙaramin gaba. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda ya yi barci har ranar ta zo ba shi da wata rana. Ba zan ce ki zauna ba, wanda ya ce ki zauna ba ya son ki. Cewa nake yi ki tafi da ni. Ki aure ni, Zenobia, a coci ko a ofis ko a tashar mota, duk inda ya fi kusa. Na tsani zafi, sauro kuwa tun ina soja muke gaba, amma jiya na sayi gidan sauro mai cin mutum biyu da mafici. Abin da zan zo da shi ba shi da yawa: farantai biyu, keken ɗinki mai aiki, haƙora goma sha tara nawa na kaina, da wata baiwa ta gaske a wannan karon, wadda matan aure suka ce tana wuya a maza, wato in zauna shiru na dogon lokaci ina sauraron mace. A can ƙasa inda iska take da kauri kamar kunu, ki busa yadda kika ga dama, ki ja ko ki ruga, ba wanda zai ƙidaya. Ni dai in zauna a gabanki. Na gaji da ƙeya, ranki ya daɗe, duk kyanta. Ina so in ga fuskar da take yin wannan sauti kafin idona ya ƙarasa tafiya.

Bayan wasa zan kasance a shagon salteña, teburin kusa da taga, da kwat ɗina mai ruwan toka. Ki zo ki ba ni amsa da baki, da kalmomi gajeru, a hankali, in da hali sau biyu. Kada ki ba ni ta algaita, kin ga dai yadda na yi da wancan yaren.

Ko kin ce e ko kin ce a'a, ni naki ne har Illimani ya narke ya gangara kasuwa, har tafki ya ƙafe a shuka dankali a cikinsa, har ranar da za a kira sunana a sama in amsa, wataƙila a makare.

Naki mai ƙauna, wanda bai iya ƙidaya ba,
Hilarión Zeballos

Ƙari. Za ki tambaya me ya sa na yarda da jita-jitar yanzu, bayan na ƙaryata rabin gari. Jiya Juma'a da azahar aka tare ni a ƙofar gidan wasa, aka sa mini kan lema a ƙirji har na jingina da bango. Aka ce akwai akwati guda cike da wasiƙunki, ɗaya duk ƙarshen shekara, kowace da layi iri ɗaya a ƙasa: yau ma na jira shi, ya tashi. Aka ce tun ta goma ake ba ki shawara ki rabu da sakarai, kin ƙi. Sannan aka ƙara danna lemar aka ce, "Ka cinye mata huhu, sai ka zo ka ɗauki sauran ka yi jinya. Akwai kujera ba kowa a motar Litinin. In ka makara a wannan ma, direba ba ya busa algaita." Kada ki yi mata faɗa, har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba. Yayarki ce, Doña Eufrasia.